Sarkin Lif a Kotun Ɗaukaka Ƙara

Duk wanda ya ce ya zauna a Anguwan Rukuba amma bai san Oga Pwajok ba, to a bakin titi ya tsaya. Mutum ne da Allah ya yi wa baiwar tumbi da murya, ya kuma ɗora masa nauyin da ba kowane wuya zai ɗauka ba: shi ke amince wa ma'aikata su tafi hutu a wata ma'aikatar gwamnati. Lif, in ji 'yan ofis. Ko haihuwa matarka ta yi, sai Oga ya goge tabarau ya duba ko jaririn ya zo daidai da tsarin aiki. Lokacin da salula ta shigo Jos, shi ya fara rataya ta a ƙugu, ko da sabis ko babu. Mu muka naɗa shi Sarkin Lif, mu 'yan bencin mai shayi, waɗanda Turancinmu bai wuce "yes sa" ba, amma babu maganar da ba mu da ra'ayi a kanta.

Akwai gonar gado a wajen Vom. A shari'a sunan Oga ke kai, don shi ne namiji babba. Amma mai noman ita ce yayarsa Magadaliya, wadda mijinta ya rasu, kuma dankalin gonar ne cinta da shanta. Wani maƙwabci ya tura shinge, ya ce gonar ta kakansa ce. Aka je ƙaramar kotu, Oga ya faɗi. Ya ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotu, ya sake faɗi. A wurinmu ba faɗuwa ba ce, alƙalan ne ba su kai zurfinsa ba.

Lauyarsa, Barista Adaeze, ta yi masa bayani da Turanci. Ta ce da Babbar Kotu ce ta fara jin ƙarar, ko kuma kukansa a kan fassarar doka ne zalla, da kai tsaye zai wuce gaba. Amma wannan ɗaukakawa ce ta biyu, kuma kukansa a kan maganar shaidu ne, wa ya yi ƙarya, wa ya ga shinge. Don haka dole sai ya sami lif tukuna.

Daga nan Oga bai ƙara jin komai ba. Ya sallame ta cikin mutunci, ya dawo benci yana dariya har salula na rawa.

"Ku ji yarinyan nan fa! Ni za a koya wa lif? Ni da ko darakta ba ya motsi sai na ce? Kotu na son mutum ya zo da hankali kwance, babu aikin ofis a kansa. Shi ne ma'anan, finish!"

Muka jinjina kai. Wani cikinmu ya ce lallai dokar Bature akwai tausayi. Magadaliya ta tambaya ko ba za a koma a sake tambayar lauya ba, muka ce ta bar maganar ilimi ga masu shi.

Oga ya ba kansa hutun bana, ya haɗa da na bara, don kada kotu ta ce bai isa ba. Ya shigar da ƙara a Kotun Ɗaukaka Ƙara da hannunsa. Ya huta sosai, har kumatu ya ƙara.

Ranar zama muka cika bas muka raka shi. Alƙalai uku a sama, Oga a ƙasa cikin kwat, shi ne lauyan kansa. Lauyan maƙwabci ya miƙe ya ce ƙarar nan ba ta da ƙafa, don ba a nemi lif ba. Alƙalin tsakiya ya tambayi Oga ko ya samu.

"Na samu, mai girma. Cikinsa nake yanzu haka."

"Wace kotu ta ba ka?"

"Ba sai an wahalar da kotu ba. Ni na amince wa kaina. Aikina ne."

Muka soma tafi, ɗan sanda ya harare mu. Alƙalin hagu ya sunkuya kamar mai neman biro a ƙasa, kafaɗunsa na girgiza. Na tsakiya ya daure ya ce lif ɗin kotu izini ne, ba hutu ba, kuma kotu ake roƙo ta bayar kafin wa'adi ya wuce. Wa'adin ya wuce tuni, Oga yana kwance a gida. Aka kori ƙarar.

Magadaliya ce ta je ta roƙo Barista Adaeze, ta kawo ta har benci. Lauya ta ce ƙofa ba ta gama rufuwa ba. Ana iya roƙon ƙarin lokaci, amma sai ya rantse wa kotu da ainihin dalilin jinkirinsa, wato bai gane ma'anar lif ba.

"Pwajok," in ji Magadaliya, "ka ce ba ka gane ba kawai. Gonan baba ne fa."

Oga ya dube mu. Wallahi abin ya ba mu tausayi, don matar nan ta sha aiko mana da dankali. Sai dai idan Sarkin Lif bai gane lif ba, mu da muka yi tafi a gaban alƙalai uku mene ne sunanmu? Muka ce, "Oga, kada ka zubar da girmanka."

Ya gyara kwat. "Ba zan yi rantsuwan ƙarya ba. Na gane lif sarai. Kotu ne ke amfani da shi ba daidai ba."

Litinin ya koma ofis da ƙiba da sheƙi, ya hana mutum biyu hutu kafin azahar. Mu muka koma benci muna yaba tsayuwarsa a kan gaskiya. Da ruwa ya sauka, maƙwabci ya shuka dankali har bakin hanya. Magadaliya kuwa, wadda tun tana yarinya damina ba ta taɓa samunta a zaune ba, ta jingine fartanya a bayan ɗaki. A duk shari'ar nan ita kaɗai ce kotu ta ba hutu, kuma ba ta nema ba.