Mugun Kac A Filin Kokowar Gaya

Ko da zan manta da ranar aurena, ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na zama mugu na minti biyar a garin Gaya, saura sati biyu a ɗaura auren.

Lokacin ina ɗinki a bakin kasuwa, kuma ina fama da wata cuta: kallon kokowar Turawan nan ta tele, wadda muke ce wa kac. Ƙattin ba su dame ni ba, na san duk shiri ne. Ni mugun nake so. Kullum a fadarmu, wato majalisar hirarmu ta samari, shayi na kan wuta, ina yi wa abokaina huɗuba cewa mugu ne ke cika fili. Shi ne zai shigo yana taku ɗaiɗai kamar gadon garin aka ba shi, ya karɓi mikro, abin maganar nan, ya zage mutanen da suka zo kallonsa tas, ya doki abokin karawarsa ta baya in alƙali ya juya, sannan ya tsere kafin a rama. A yi ta jan rigimar wata da watanni, kowa yana cizon yatsa. Nakan ce musu mutane ba ƙarfi suke zuwa kallo ba, ranar da dubun mugu za ta cika suke jira. (Na maimaita wannan magana har Isufu, shugaban fadar, yana ƙarasa mini ita in na tsaya kurɓar shayi.)

Da aka gama yankan shinkafa, fadarmu ta shirya kokowa tsakanin samarin Gaya da na garin Bana. Ta bara ba ta yi armashi ba, jama'a duk sun tafi kallon bal. Sai na bugi ƙirji na ce a bar mini mikro, zan tsaya a matsayin mai magana da yawun 'yan Bana in tsokani garinmu. Isufu ya ce in rufa wa kaina asiri, nan kowa ya san kowa. Na ce masa bai san kan harkar ba. Ban gaya wa dattawa ba, ban gaya wa su 'yan Banan ba, don a ganina mugun da aka san da zuwansa ya tashi aiki.

To, Balkisa da zan aura 'yar Baba Garba ce, tsohon ɗan kokowa, mutumin da zai wuni bai yi magana goma ba. Da ƙyar ya amince da ni, don an gaya masa ina da surutu (ba a yi mini ƙarya ba). Balkisa ta roƙe ni in kama bakina har a shafa fatiha. Na ce ta kwantar da hankalinta. Ai na bincika, an ce tsohon ya tafi ta'aziyya Zabori.

Ranar, bayan la'asar, na fito cikin wata baƙar riga mai walƙiya da na ɗinka da ragowar yadin mata, ga baƙin tabarau. Na tsallake buhunan rairayin da aka kewaye fili da su, na tsaya a tsakiya, na ɗaga wa makaɗa hannu su dakata. Na ce ba sauran namiji a Gaya, cin kifi da barcin rana sun kashe musu gwiwa. Na ce tsofaffin nasu ma da ake ta zuzutawa, labari ne kawai na bakin masallaci. Na ƙarasa da, “In akwai wanda ya isa, yaro ko tsoho, ga fili ga ni!”

Na buɗe hannuwa ina jiran ihu, don a tele nan ne wuri ke kaurewa. Shiru, wallahi, har kukan akuya nake ji daga bayan fili. Wata tsohuwa mai ƙosai ta tambayi ta kusa da ita, da ƙarfi, ko wannan ba ɗan Mariyama ba ne, me ya same shi haka. 'Yan Bana kuwa sai girgiza hannu suke yi wa dattawa, alamar ba da yawunsu ba.

Abin da na manta, ni masanin kac, shi ne dokar filin garinmu: wanda ya shiga tsakiya ya yi kirari ya nemi abokin karawa, to ya nema ke nan, ba a janye magana. Sai na ga wani ya miƙe daga layin dattawa, ya tuɓe babbar riga, ya ninke ta a tsanake, ya miƙa wa na kusa da shi. Baba Garba ne. Ashe tun da safe ya dawo.

Makaɗa suka ɓarke da takensa da suka yi shekaru ba su kaɗa ba. Yana tahowa, ina lissafi. In na kama shi, na ɗaga wa suruki hannu, aure ya mutu. In na zura da gudu irin na mugun tele, zai ba matsoraci 'yarsa? Nan ma aure ya mutu. Ina cikin wannan tunani ya iso gabana, sai jikina ya yi abin da ya saba yi duk lokacin da ya gan shi. Na cire tabarau, na zube gwiwa biyu a ƙasa.

“Barka da yamma, Baba. An dawo lafiya?”

Mikro na bakina. Kowa ya ji.

Alƙalin wasa ya busa usur. A kokowa, gwiwa biyu a ƙasa kaye ne, ba ruwan doka da gaisuwa. Ya zo ya ɗaga hannun Baba Garba sama, fili ya kaure da ihun nan da nake nema, mata na guɗa, Isufu ya faɗo daga kan benci don dariya. Ni dai na so ƙasa ta tsage. Tsohon ya ɗaga ni kamar yadda mai kaye ke yi wa wanda ya kayar, ya kakkaɓe mini rairayi, ya ce a hankali in same shi gida gobe da safe.

Na je da ƙanen babana, na riga na fitar da rai. Muka zauna a zaure, ya bar mu muna ta ba da haƙuri har muka gaji. Sannan ya ce duk shekarun da ya yi yana kokowa bai taɓa kayar da mutum ba tare da ya taɓa shi ba sai jiya. Ya dube ni.

“Bakinka ba shi da tarbiyya, amma gwiwarka tana da ita. Ita na ba 'yata.”

An ɗaura aure a ranar da aka sa. Har yau in na fara ɗaga murya a gida, Balkisa takan tambaye ni ko ta kira alƙalin wasa. Kac kuwa ina nan ina kallo, kuma har gobe ina kan bakana cewa mugu ne ke cika fili. Sai dai kafin mutum ya karɓi aikin, ya fara tabbatarwa ba a garin yake neman aure ba.