Ramin Kwanar Makaranta Yana Gaishe Ka

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Kula da Hanyoyi, uban kwalta, mai riƙe da ragamar kwalbatoci, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa irin ta ƙarami ga babba, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da dukkan gaɓoɓinka, musamman gwiwoyi. Ni malamin makaranta ne, ina koyar da labarin ƙasa. A da sai na buɗe taswira nake nuna wa ɗalibai tsaunuka da kwazazzabai, yanzu kuwa, albarkacin ofishinka, cewa nake yi su leƙa ta taga.

Akwai wani tsohon ma'aikacinka da ya san ni ƙwarai, wato ramin nan na kwanar makarantarmu, daura da kantin magani. Na kira shi ma'aikaci domin ya daɗe a bakin aiki kuma bai taɓa neman hutu ba. A daminar bara ruwa ya cika shi ya shafe bakinsa, na taho a kan babur ina tunanin jarrabawa, ya karɓe ni hannu bibbiyu. Babur ya yi gabas, ni na yi yamma, ƙoƙon gwiwata ya tsage. Aka yi mini aiki, na yi watanni ina dogara sanda.

Da aka kwance ɗauri, ƙafar ta miƙe sambal kamar itace, ta ƙi lanƙwasuwa. Likitar gashin ƙashi, wata baiwar Allah mai murmushin uwa da hannun maƙeri, ta ce, "Malam, ko ka riƙa hawa keke kullum, ko ka koma ɗakin tiyata. Zaɓi ɗaya." Ta kuma dubi tumbina, wanda ya ci moriyar zaman jinya. Na zaɓi keke.

Keken na surukina ne, mahaifin mai ɗakina, tsohon mai raba wasiƙu da ya haura shekara saba'in. Ya ba ni aron tsohon, ya riƙe sabon, ya ce shi zai riƙa raka ni aiki kowace safiya har ƙafa ta warke. Wa zai iya ce wa surukinsa a'a? Daga wannan zirga-zirga na tattaro 'yan koke-koke, waɗanda nake ajiyewa a gabanka cikin ladabi.

Na ɗaya, layin masu keke. Mun ga an shafa farin fenti a gefen titi, har da hoton keke mai kyau, Allah ya saka da alheri. Sai dai layin daga ƙofar ofishinka ya fara, ya ƙare a bakin lambatu, ba sallama. A tsakani akwai teburin mai lemo, da masu wankin mota, da wata matacciyar babbar mota da kaji suka mayar gida. Shin mu aka yi wa layin, ko kuwa hoton keken aka yi wa? Idan hoton ne, ina shaida maka yana zaune lafiya, babu mai taka shi.

Na biyu, likita ta ce in nemi hanya mai santsi in riƙa juya feda a hankali. Na nema, ranka ya daɗe. Ƙararrawar kekena ta daina jiran yatsana, ita kaɗai take kaɗawa daga gida har makaranta. Mai facin bakin kasuwa ya ware mini benci na kaina, in na kwana biyu ban zo ba sai ya aiko a dubo ko lafiya.

Na uku ba laifinka ba ne kai tsaye, amma ba ni da wani wurin kai ƙara. Akwai tudu kafin a kai gidan ruwa. Ina fara hawansa gwiwa ta soma ƙara kamar tsohuwar ƙofa, numfashi ya tsaya a maƙogwaro, riga ta jiƙe. Shi kuwa dattijon sai ya wuce ni fiu, hularsa ko motsi ba ta yi, ya je can sama ya kafe keke yana gaisawa da jama'a. In na iso ina haki ya ce, "Sannu, ɗana. Ko in ɗauko ka a baya ne?" A gaban ɗalibaina yake faɗin haka. Ba za a iya ɗan rage wa tudun nan tsawo ba? Ko kuwa a kafa wa tsofaffi dokar gudu?

Na huɗu shi ne babba, kuma a nan zan rage murmushi kaɗan. Ramin yana nan, ya ma yi ƙiba. Bayan faɗuwata aka dasa masa reshen bishiya, awaki suka cinye. Aka kawo allo mai cewa ana kan aiki, rana ta cinye rubutun, wani kuma ya ɗauke allon ya yi wa shagonsa inuwa. Kullum in na iso wurin, sauka nake yi in tura keke, domin mai ɗakina ta rantse cewa in na sake faɗuwa, da ni da keken da mahaifinta duk sai ta kulle mu a ɗaki guda. Ni ina da wanda zai raka ni. Amma a nan ne 'yan makaranta suke tsallakawa, kuma kwanan baya wata mata mai goyo ta zame daga kan babur a daidai wurin. Allah ya tsare, gwiwar hannu kawai ta kuje. Sai yaushe za a zo, ranka ya daɗe? Sai ramin ya yi jikoki?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne abin da ya faru shekaranjiya. An kwana ana ruwa. Muna isowa kwanar da safe muka tarar da wata farar mota, doguwa mai baƙin gilashi, ta tsoma ƙafar gaba cikin ramin har wuya. Direba yana ta ba ta wuta, tana ta fesa wa mai kantin magani taɓo. Surukina ya jingine kekensa ya naɗe hannun riga, ni ma kunya ta hana ni tsayawa kallo. Muka sa kafaɗa tare da masu wankin mota. Na durƙusa, na dage, na tura, sai da mota ta fito sannan na lura da wace ƙafa na durƙusa. Ta lanƙwasu, ranka ya daɗe! Jiya likita ta murɗa ta hagu da dama, ta ce an fasa tiyata. Mai ɗakina har da hawaye.

To, da motar ta fito, sai muka ga tambarin ofishinka a jikin ƙofarta, taɓo ya rufe rabinsa. Gilashin baya ya sauka a hankali. Wani bawan Allah mai kamala, fari tas babu ɗigon laka a jikinsa, ya dubi ramin, ya girgiza kai cikin takaici, ya ce mini, "Wannan ai ganganci ne. Malam, ya kamata ku rubuta wa hukuma."

Direban ya raɗa mini cewa kai ne. To, ranka ya daɗe, ga shi na rubuta.

Allah ya ƙara girma, ya ja zamaninka, ya tsare tayoyinka.

Naka mai biyayya har ƙasa, da gwiwoyi biyu,
Malamin Labarin Ƙasa