Kunnuwan Mai Aski a Bango

"…lafiya lau, gajiya babu, iyali ƙalau, sauran gaisuwar ki riƙe kayarki!" Mai Aski ya datse ta tun ba ta rufe baki ba. "Tsaya nan bakin ƙofa. Kada ƙafarki ta taka min shago."

"Tsoron me kake, kada in ture maka layi?"

Ta leƙa ciki. Shagon wayam, ko ƙuda ya yi zuciya ya koma maƙwabta. Hantsi ya dubi ludayi, amma tsintsiya na jingine a lungu ba ta ga silin gashi ba. Kwana tara ke nan haka, kuma mai laifin ce wannan da ke tsaye da jaka a kafaɗa tana washe baki. Taubashiyarsa ce, 'yar kawunsa, tana aiki a ofishin wayar da kai na ma'aikatar lafiya. Shi dai 'Yar Lasifika yake kiranta, don ko a gida ba ta iya magana a hankali ba.

Wata guda da ya wuce ta zo da mai ɗaukar hoto, ta ce gwamnati za ta buga fasta a kan tsaftar masu aski. Bawan Allah ya sa sabuwar riga, ya gyara gemu, ya shelanta wa duniya har da surukarsa. Fasta ta fito, aka manna ta a bangon da ke kallon shagonsa. Gefe guda ga shi nan yana goge reza a cinyar wando, an gicciya masa jan layi biyu. Ɗaya gefen kuwa, don cin fuska, mai shagon tsallaken titi ne yake murmushi da safar hannu. Tun ranar masu aski suke tsallaka titi su bar shi da madubi.

"Ina kwana, Sarkin Tsatsa," ta ce, ta shigo abinta ta zauna a kujerar aski.

"Tashi! Kujerar nan ta masu mutunci ce."

"Shi ya sa na tarar da ita babu kowa."

"Allah ya isa tsakanina da ke! Ni za ki kai wa gwamnati? Ni da na goya ki kina zuba min majina a wuya?"

"Goyon da ka kayar da ni a kwata? Har yau ga tabon."

"Da na sani in bar ki a ciki. Yau ga shi kin mayar da ni abin kwatance. Jiya wata mata ta ja ɗanta ta wuce tana nuna ni da baki."

"To wa ya ce kai ne? Ai mun rufe maka fuska."

"Kun rufe ido da ɗan baƙin layi kamar tsinke, kun bar kunnuwa a waje! Wa ke da irinsu duk faɗin unguwar nan?"

"Wannan kuma ka tambayi Gwaggo da ta haife ka. Mu mun so mu rufe, tawada ce ta ƙare."

Ransa ya ɓaci ƙwarai, har jijiyar goshinsa ta miƙe. Ba abin da ya fi ƙona masa rai irin yadda take juyi a kujerarsa kamar ita ta saya.

"Shekara ashirin da biyu ina aski," ya ce yana dukan ƙirji. "Na aske alƙali, na aske ango, na aske mutumin da zaki ya gani ya ba shi hanya. Kan da ya shiga hannuna ko ruwan sama kunyarsa yake ji."

"Shi ya sa rezarka ma ta shekara ashirin da biyu."

"Ƙarya kike! Rezata albarka gare ta. Kai goma take yi ba ta ce uffan ba."

"Ka ji ko? Da bakinka. Kai goma, reza ɗaya. Taron bita uku muka yi muku. Na farko ka yi barci. Na biyu ka yi minshari. Na uku ka zo ana rabon lemo, ka karɓa ka juya."

"Me za ku koya min? Yarinyar da ta yi jawabin ko girar kanta ba ta iya gyarawa ba."

"Ina akwatin tsaftace kayan aski da aka ba ka?"

"Ga shi can, yana aiki."

Ta miƙa hannu ta buɗe. Rabin burodi ne a ciki, da makullin babur, da cajar waya.

"Inna lillahi! Akwatin kashe ƙwayar cuta ka mayar kanta?"

"Kyankyaso ba ya shiga. Ashe ba lafiyar ba ke nan?"

"Sifirit ɗin da aka haɗo maka da shi fa?"

"Yana kama wuta da kyau. Shayi minti biyu."

"Kai dai an yi asarar kunnuwa. Ga su kamar faifai, amma ba abin da ke shiga."

"Ke kuma an yi asarar baki. Gwamnati ta rasa wanda za ta ɗauka sai wadda ta sha sabulu tana shekara bakwai, wai ta ga yana ƙamshi."

"Na sha, na warke, na yi hankali. Kai fa? Wancan ruwan shuɗin da kake tsoma injin aski a ciki, yaushe rabon a canza shi?"

"Magani ne, ba ya tsufa."

"Shuɗin wanki ne da ruwan famfo. Ko kwaɗo ka jefa a ciki sai ya nemi asibiti."

"To sai me? Wa ya mutu?" Ya buga tebur har almakashi ya yi tsalle. "Ku kuna zaune a ofis fanka na kaɗa ku, kun buga takarda kun kashe min kasuwa. Bakin mutum bakwai ke jiran injin nan. Da ɗan gari akan ci gari, wallahi. Da bare ne ya yi min, da sauƙi."

"Wanzami ba ya son jarfa. Kullum kai ke yanka, yau ɗaya an taɓa ka kana ihu."

"Gyara kayanka daban, tallata mutum daban!"

"Sau nawa na zo na faɗa maka a asirce? Ka ce in je in yi wa kaji lacca."

"Har Kawu kin zuga! Mahaifinki, mutumin da tun ina koyo yake miƙo min kansa. Ko shi ya daina zuwa. Ki ji tsoron Allah, 'Yar Lasifika."

Kujerar ta daina juyi. Ta ajiye jakar a ƙasa, ta dube shi, kuma wannan karon babu wasa a idonta. Tun suna yara ya san in ta yi ƙasa da murya to abin ya girma.

"Yaushe fasta ta fito?"

"Kwana tara."

"Yaushe rabon Baba da shagon nan?"

Ya ƙirga da yatsu. Ya fi wata biyu. Kawu ya ce masa tara gashi yake yi, wai sanyi na damun kansa, shi kuma ya yarda.

"Ƙeyarsa ce ta kumbura," ta ce. "Daga inda ka ɗan yanke shi. Ƙuraje suka feso, suka yi ruwa, suka haɗe. Mutumin nan rub da ciki yake kwana kamar jariri. Cikin zafin nan yake naɗe wuya da mayafi don kada a gani."

"Ba wanda ya gaya min."

"Wa zai gaya maka? Sati uku ina fama ya je asibiti ya ƙi. Ka san dalili? Ya ce likita zai tambaye shi inda yake aski, shi kuwa ba zai kira sunan ɗan ƙanwarsa ba. Da kuka na ja shi. Muna zuwa malamar asibiti ta duba ta ce shi ne na huɗu daga layin nan."

"Na huɗu?"

"Na huɗu. Ya sa ni na yi alkawari ba zan faɗa maka da bakina ba. To ban faɗa da baki ba, na faɗa da bango. Yau ma kai ka ja ni."

Kunya ta rufe Mai Aski, fushin da ya kwana tara yana dafawa ya rasa wanda zai zuba wa. Kawun nan shi ya saya masa injin farko. Ya dubi kwalbar shuɗin nan, ya ga gashin mutane na yawo a ciki. Ya ɗauke ta ya fita ya tuttular a kwata, ya dawo yana huci.

"Ke ma muguwa ce," ya ce. "Wata biyu kina kallona ina yanka mutane."

"Au, yanzu kuma laifina ne?"

"Naki ne! Da kin zo kin fasa min kwalbar a ka, da tuni an wuce wurin."

"Na yi tunanin haka. Kwalbar na tausaya wa."

Ya harare ta. Ya ciro burodin daga akwati ya dangwara mata a cinya, ya jona akwatin a wuta. Fitila ta kama a ciki, karon farko tun da aka kawo shi.

"Nuna min yadda ake yi. Kuma ki yi a hankali, ba taron kasuwa ba ne."

Ta nuna masa: a wanke, a goge da sifirit, a sa a rufe, a jira. Ya maimaita sau biyu yana ƙunƙuni.

"Fastar nan, saura nawa a jakarki?"

"Uku. Ƙona su za ka yi?"

"Ba ni ɗaya."

Ya shafa mata gam ya manna a gefen madubi, daidai inda duk wanda ya zauna zai gani.

"Nan za ta zauna. Ranar da Kawu ya dawo kujerar nan da ƙafarsa, ni zan cire ta da hannuna. Ta bangon can ma ku bar ta."

"Ka manna ta a karkace."

"Shagonki ne?"

Ta zuge jaka ta fito da kwalin sababbin reza, ta ajiye masa a tebur.

"Ungo, Sarkin Tsatsa, ba don halinka ba. Kai ɗaya, reza ɗaya."

"In na tashi aske miki harshe fa?"

"Shi ma sabuwa za ka sa."

Dariya ta ƙwace masa ba shiri, har ya dafa bango. Ya share ido da bayan hannu, ya ɗauki kwaɗon ƙofa.

"Na ji, kin ci. Tashi ki raka ni wurin Kawu. Ki shiga gaba, in ya ɗauko sanda ke zai fara samu."