Waliyyi a Tagar Mota

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka ɗaura auren ƙanwata Hadiza ba, kuma ko na so mantawa mutanen unguwarmu ba za su bar ni ba.

Shekarun nan ne na wahalar mai, lokacin da mutum zai bar motarsa a layi ya tafi ofis a ƙafa, ya dawo da yamma ya tarar ba ta motsa ba. Ina aiki a ofishin ilimi, abokan aikina kowa burinsa babbar mota. Ni kuwa na ɗauki kaina mai dabara, na sayi wata 'yar mitsitsiyar mota mai ƙofa biyu, ruwan ɗorawa, wadda galan ɗaya ke kai ta mako. Ranar da na shigo da ita ta Ƙofar Doka wani mai faci ya tambaye ni inda na baro uwarta. Ban ji haushi ba, don na san shi ko keke ba shi da shi.

Bayan ƙarancin shan mai, akwai abin da na fi taƙama da shi. Ina haya a Tudun Jukun, amma gidanmu na gado yana cikin birni, kuma akwai wani lungu da ke ɓullowa daidai ƙofar gidan, tsakanin katangarmu da ta maƙwabcinmu Malam Tanimu. Mota ba ta taɓa bin lungun nan ba. Kafin in sayi tawa sai da na kwance igiyar shanyar matata na auna bakinsa, na ƙulla, na tafi da igiyar wurin dillali na gwada a jikin motar. Yatsu huɗu suka rage ta kowane gefe. A lokacin sanyi na bi ta nan da motar ya fi a ƙirga, kuma duk wanda na kama sai ya ji labarin igiyar (liman kansa ya ji shi sau biyu).

Mahaifinmu ya rasu, don haka ƙanensa Baffa Idi ne waliyyin Hadiza. Mutum ne mai jiki, ga ciwon gwiwa, ga son girma. Na ce kada kowa ya wahala, ni zan ɗauko shi daga Tukur-Tukur. An sa ƙarfe sha ɗaya, kuma liman ya faɗa tun da wuri cewa yana da wani ɗaurin auren a wata unguwa kafin azahar, ba zai yi jira ba. In ya tashi sai dai a ɗaga zuwa wata rana, ga dangin ango sun taso tun daga Kaduna.

Baffa ya ɓata rabin awa wajen naɗa rawani. Shigarsa motar ma aiki ce, sai da na tura kujera baya iya ƙarshenta, na tattara babbar rigarsa na ɗora masa a cinya. Da muka iso, motocin baƙi sun toshe babbar hanya gaba ɗaya.

"Sauke ni in taka," in ji Baffa.

"Haba Baffa, da wannan gwiwar? Har kan tabarma zan kai ka."

Na karya kan mota cikin lungu ina murmushi. Abin da na manta shi ne bazara ce, lokacin yaɓe. Malam Tanimu ya yi wa katangarsa sabon yaɓe a jajibirin ranar, ko bushewa bai yi ba. Ta ɗaya gefen kuwa, ni da bakina na ce wa magina su yi wa tamu yaɓe mai kauri don kada mu ji kunyar baƙi. Sun kuwa yi aikinsu da gaskiya.

Muna dab da fita na ji motar ta yi wani irin gurnani. Mai hankali zai taka birki. Ni na taka totur. Kan motar ya ɓullo fili, sauran jikinta ya nutse cikin ɗanyen yaɓe, ta tsaya cak. Na sa giyar baya, tayoyi suka yi ta juyawa a banza. Na murɗa ƙofa, katanga ta riƙe ta. Baffa ya gwada tasa, haka nan. A gabanmu kuwa, taku biyar kacal, jama'a ce zaune a kan tabarmi, kowa ya juyo. Wallahi da ƙasa za ta buɗe a lokacin, da na gode mata.

Wani ya leƙo ta saman katanga ya ce ai ana iya buɗe bayan motar a jawo Baffa ta nan. Baffa ya ce, cikin sanyin murya, shi ba za a jawo shi ta bayan mota kamar buhun masara a gaban surukai ba. Wasu suka ce a fasa katanga, Malam Tanimu ya ce a fara da tamu. Ni dai na kashe injin (ko a wannan halin ban manta da mai ba), zafi ya rufe mu, gumi ya fara bin rawanin Baffa.

Liman ya duba agogo, ya dubi motar, ya tambaya, "Alhaji Idi, kana jin mu daga nan?"

"Ina ji, Allah ya gafarta Malam."

"To ai shi ke nan. A matso da buzu."

Rabin tagar Baffa ya wuce katanga, don haka nan aka shimfiɗa wa liman buzunsa, jama'a suka jawo tabarmi suka kewaye kan motar. Wakilin ango, wani dattijo da ban taɓa gani ba, ya durƙusa daidai taya ya ce yana nema wa ɗansu Sani auren 'yarmu Hadiza. Baffa ya leƙo da kai iya yadda rawani ya bari ya ce, "Na ba shi." Sau uku aka yi haka. Ta tagar aka miƙa sadaki, ta tagar aka miƙo goro. Ni ina zaune riƙe da sitiyari kamar mai shirin zuwa wani wuri. Da aka ɗaga hannu don fatiha na ɗaga nawa, gwiwar hannuna ta danna hon. Ko liman sai da kafaɗunsa suka girgiza.

Sanƙira ya miƙe ya shelanta cewa aure ya ɗauru, waliyyi ya bayar daga cikin mota, direba shaida ne. Sai bayan da baƙi suka watse aka kawo fartanya aka kankare yaɓen. Baffa ya fito, ya gyara rigarsa, ya dube ni ya ce, "Man dai bai ƙare ba ko?" Na ce bai ƙare ba. Ya ce madalla, ya ɗingisa ya shige zaure.

Washegari ni na kwaɓa ƙasa na mayar wa Malam Tanimu yaɓensa, yana zaune a kujera yana nuna mini inda ban cika ba. Hadiza ta yi kwana uku ba ta yi mini magana ba, yanzu kuma ita ke ba 'ya'yanta labarin, tana ƙara gishiri. Motar ta yi mini shekara shida, kuma gaskiya ba ta shan mai. Abin da na koya shi ne awon da aka yi da sanyi ba ya aiki da bazara, kuma in dattijo ya ce a sauke shi ya taka, a sauke shi. Har Baffa ya koma ga Allah, duk ranar da na ce ya zo in rage masa hanya sai ya tambaye ni ko na taho da igiyar.