Gatan da na yi wa hawainiyar Rakiya

Ba zan taɓa mantawa da bazarar da aka ba ni amanar hawainiya ba, ko da yake Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta. Eh, hawainiya na ce, wadda kuka sani, mai tafiya kamar ba ta son taka ƙasa.

Lokacin ina aiki a wani biro, wato ofis, a unguwar Plateau ta Yamai, ina kuma neman auren Rakiya, malama ce mai koyar da ilimin halittu a lise, wato makarantar sakandare. Magana ta yi nisa, har mahaifinta Alhaji ya fara amsa gaisuwata da fara'a. Hawainiyar kuwa asali ta ƙanenta ce Sani. Shi ya tsinto ta tana ƙarama a wani lambu a Saga, ya haɗa mata keji na raga da hannunsa, ya cika shi da rassa da ganye. Bayan haka da 'yan watanni Sani ya rasu a hatsarin moto, wato babur. Duk gidan babu mai iya zuwa kusa da kejin sai Rakiya. Mahaifiyarta tsoron dabbar take ji, Alhaji kuma in ya zo wucewa sai ya kau da kai.

To sai aka tura Rakiya Zinder wani kwas na 'yan makonni, ta rasa wanda za ta bar wa. Ni da bakina na ce a kawo mini. Har da cika baki, wai mu mutanen Tahoua da kiwo aka haife mu (gaskiyar magana, rago ɗaya na taɓa kiwatawa, shi ma ƙanwata ce ke ba shi dusa).

Ranar da ta kawo kejin ta zaunar da ni kamar ɗalibi. Ta ce a aje shi gindin mangwaron tsakar gida, inda ranar safe za ta taɓa shi kafin inuwa ta rufe, domin wannan hasken ne ke ƙarfafa mata ƙashi. Ta ce hawainiya ba ta shan ruwa a kwano, sai a fesa wa ganye ta lashi ɗigon. Abinci kuma fara mai rai, domin abin da ba ya motsi ba ta ɗauke shi abinci ba. In rana ta faɗi a bar ta cikin duhu ta yi barci. Kuma kada a yawaita ɗaukar ta.

"Ka ji dai ko?" in ji ta.

"Na ji, Malama," na ce, ina murmushi. Ban ji komai ba, fuskarta kawai nake kallo.

Da ta tafi, na tsaya na dubi kejin nan a tsakar gida, zafin Yamai yana dukan ƙasa. Sai na ji kunya ta kama ni. Mu dai a gidanmu ba a barin baƙo a waje. Baƙo ɗakin da ya fi kyau ake ba shi, a kawo masa ruwan sanyi, a ba shi abincin da ya fi daɗi. Wannan kuwa ba baƙuwa ce kawai ba, ta gidan surukai ce. Na ce a raina Rakiya ta yi iya abin da albashin malanta ya ba ta dama, yanzu bari ta ga yadda ake gata.

Washegari na sayo akwatin gilashi irin wanda ake sa kifi, na girka shi a salo, ɗakin da nake karɓar baƙi, daidai saitin klim mai sanyaya ɗakin. Na sa masa ampul, ƙwan fitila fari tas, a sama, na jona da batirin pano mai aiki da hasken rana don kada hasken ya mutu ko an ɗauke kuran, wato wutar lantarki (ina alfahari da wannan dabara ƙwarai, har maƙwabci na kira ya gani). Na zuba ruwan firij a ƙaramin kwanon tangaran. Batun fara kuwa, ni da nake babban ma'aikaci ba zan bi ciyawa ina kamun ƙwari ba. Na aika aka sayo mini soyayyar fara ta Maraɗi, mai yaji da lemon tsami, irin wadda ni kaina ba na iya bari in na fara ci.

Ba ta ci ba. Na ce kunyar baƙunta ce.

Sannu a hankali koren jikinta ya dushe, ta koma baƙi-baƙi kamar tsohuwar tukunya. Na ce ai aikinta ke nan, sauya kala. Ta riƙa zuwa jikin gilashin tana kartarsa da hannuwanta, na ɗauka wasa take da inuwarta. Sai na riƙa fito da ita ina ɗora ta a kafaɗa ina ɗaukar hoto. Duk lokacin da Rakiya ta kira ta tambaya, amsata ɗaya ce: "Tana nan cikin gata." Kuma ba ƙarya nake ba a ganina.

Abin da ya fara tayar mini da hankali idanunta ne. Waɗannan idanun masu juyawa kowanne gefensa suka faɗa ciki, ta riƙa rufe su da rana tsaka. Na maida ta kejinta da gudu, na fesa ruwa, na fita da kaina bayan gida da rigar biro ina tsalle ina kamun fara. Amma na makara. Wata safiya na tarar da ita a ƙasan kejin, ta saki reshen.

Na daɗe a tsugune ina kallonta. Sai a lokacin na tuna ta Sani ce, da abin da ya sa Rakiya ke tashi da sassafe tana fesa wa ganye ruwa.

Da mai hankali ne, da ya ɗauki waya ya faɗa wa Rakiya gaskiya. Ni kuwa sai na naɗe gawar a hankici, na sa a jaka, na nufi kasuwa, layin masu maganin gargajiya, inda na ji ana samun hawainiya busasshiya da mai rai. Shirina in samo mai girmanta in sa a keji, kowa ya huta.

Na tsaya gaban wani mai rumfa da fatu da ƙahoni rataye, na rage murya na ce ina son hawainiya mai rai.

Mutumin nan bai san rage murya ba. "Fofo, sannu da zuwa, patron! Mai rai? To ta wane aiki? Ta farin jini, ko ta mallakar mace? In yarinya ce ta ƙiya, kawo sunanta da na uwarta, kahin sati ita za ta biyo ka!"

Na buɗe baki zan ce masa ya yi a hankali, sai na ji an yi gyaran murya a bayana. Na waiga. Alhaji ne, mahaifin Rakiya, riƙe da ƙullin saiwar da yake jiƙawa saboda ciwon ƙafa. Ya ji komai.

"Baba, ina wuni," na ce, na zube ƙasa.

Ya dube ni, ya dubi rumfar. "Ashe ta nan kake biyo muna?"

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige. Mutane sun fara taruwa, mai rumfa kuwa sai ƙara talla yake. Abu biyu ne a gabana: ko in bar shi ya tafi da zaton asiri nake wa 'yarsa, ko in nuna masa abin da ke cikin jakata. Na ciro hankicin na buɗe.

Ya gane ta nan take. Ya karɓa da hannu biyu. Ni kuwa na shiga zuba bayani, gilashi, klim, ampul, har da soyayyar farar, wani a cikin taron ya ƙyalƙyale da dariya. Alhaji bai yi dariya ba.

"Ni ban iya kallonta," ya ce a hankali. "Amma kullum da sahe in na ji ƙarar heshin nan, sai in ji kamar yaron yana gida."

Ya naɗe hankicin, ya sa a aljihun babbar rigarsa, ya juya. Ya ɗan yi gaba sai ya waiwayo. "Kuma da ba mu haɗu ba, wata za ka kai mata ka ce ita ce?"

Ya ci gaba da tafiyarsa.

Da Rakiya ta dawo ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta zo da ɗan kabu-kabu ta ce a ba ta kejin Sani. Ta leƙa salo ta ga akwatin gilashin, ampul ɗin na ci har lokacin. Ta ce, "Na faɗa maka komai fa." Na ce na so in kyautata ne. Ta ce ta sani, shi ya sa abin ya fi ba ta tsoro.

Babu wanda ya ce an fasa auren. Waya ce ta riƙa raguwa, gaisuwa ta gajarce, har wata rana na ji labarin an ɗaura mata aure da wani malamin makarantarsu, mutum shiru-shiru, wanda aka ce in ana magana saurare yake.

Akwatin gilashin yana nan a salona, babu komai a ciki, na kasa sayarwa na kasa zubarwa. Baƙi kan tambaye ni ina kifin, in ce bai iso ba tukuna. Abin da na koya dai ba shi da yawa: yanzu in aka ba ni ajiyar abu aka ce in bar shi gindin mangwaro, a gindin mangwaro nake barinsa, gatana kuma in riƙe abina.