Kakannin Duktur Rokoko

Allah Ya yi wa unguwar Hayyin Ashir ta Masar gata da Ya ajiye mata Duktur Badamasi. Digirin dai ba a kammala ba, har gemu ya fara furfura, amma wane ne zai tsaya jiran jami'a ta ba shi abin da ya riga ya ba kansa? Tun da ya fara saka tabarau a tsakiyar hanci, ɗalibai Hausawa na unguwar Darrasa suka san ilmi ya samu mai shi.

Fikihu da nahawu sun yi masa kaɗan. Wata rana a Wustul Balad, tsakiyar birni, ya faɗa shagon tsofaffin kaya, ya fito da zane-zanen Italiya, irin waɗanda ake sassaƙawa a farantin tagulla a buga a takarda. Mai shagon ya ce masa na zamanin Rokoko ne. Kalmar ta zauna masa a baki kamar goro. Shayi in ya yi daɗi, Rokoko ne. Huɗuba in ta yi tsawo, ba ta da Rokoko. Ba a jima ba sunan ya bi shi.

"Ku 'yan haddace-haddace," yakan ce wa ɗalibai, "ido gare ku, amma basira sai an gada."

Gadon nan ne ya rage masa, domin yana neman auren Mahasin, 'yar Alhaji Ya'ƙub, dattijon Hausawan Sudan wanda kakanninsa suka taka daga ƙasar Hausa da ƙafa. Mutumin da ke tambayar asali kafin ya tambayi sana'a. Duktur ya gayyace shi gida, ya tara ɗalibai shaida, ya yaye ƙyalle daga kan babban zanen: tsoho mai sanda, mace rungume da jariri a kan jaki, ga dabino a gefe.

"Baba, ga tushena," in ji shi, yana shafa gemu. "Kakan kakana ne da iyalinsa a hanyar Makka. Wani Bature ɗan Italiya ya gamu da su, kwarjini ya hana shi wucewa. Dubi goshin nan, sannan ka dubi nawa."

Alhaji ya dubi goshin. Ya yi tambaya a kan yaran nan masu fukafukai da ke shawagi a sama. Duktur ya ce salo ne, Rokoko ke nan, sai wanda ya karanta.

Ana haka Sitt Samar ta ƙwanƙwasa, maƙwabciyarsa Kirista, tana cigiyar kyanwarta. Idonta na sauka kan zanen ta manta da kyanwa. Ta ɗora hannu a ƙirji, ta sumbaci gefen takardar, hawaye na zuba. Ta yi wa Duktur addu'a da ya girmama zuwan Maryamu da ɗanta Masar, ta ce coci a buɗe yake gare shi ranar Lahadi.

Duktur ya buɗe baki, Rokoko ta ƙi fitowa.

Alhaji Ya'ƙub ya miƙe a hankali, ya nemi takalmansa.

"Ma'alish, ɗana," ya ce. "Mu talakawa ne. 'Yata ba ta kai ta shiga dangin annabawa ba."

Su kuwa ɗalibai, da suka yi muraja'a, wato bitar lamarin, a hanya, sun yi ittifaƙi cewa ba a yi wa Duktur adalci ba. Lallai yana da ɗan'uwa a zanen, ga shi nan da dogayen kunnuwa.