Wutar Da Kaka Ta Ajiye Wa Angonta

"Lale da angon da ya gudu. Korar ka aka yi, ko yunwa ce ta dawo da kai?"

"Na zo in ga ko amaryata ta yi sababbin haƙora. Ashe ukun da na bari ma ɗaya ya yi gaba."

Haka Kaka da Yayana suka gaisa tun daga bakin ƙofa. Shi ne jikanta na fari, tun yana rarrafe take kiransa mijinta, kuma ba sa haɗuwa su rabu ba su yagi juna ba. Bara, kafin aiki ya kai shi nesa, ya haɗa mata inbata da ƙaton batiri a ɗaki, don in an ɗauke wuta fankarta da ƙwan lantarki su ci gaba da aiki. Ni na rako shi wannan zuwan, ni ma rabona da gidan har kunyar faɗa nake.

Mun tarar ba wuta, ɗakin kamar tanda. Yaya ya tambaye ta ko rowa ce ta sa fankar ma ta yi yaji. Ta ce ya jira ya ga mace mai tattali. Ta miƙe tana ɗingishi ta nufi kusurwa, inda aka lulluɓe batirin da zanenta mai tsada, har da kwanukan tangaran a jere a kai. Ta sauke su ɗaya bayan ɗaya, ta yaye zanen.

"Ko ɗigo ban taɓa ba. Yadda ka cika shi, haka na ajiye maka."

Ta danna maɓalli. Shiru. Ta sake dannawa da ƙarfi, fanka ko motsi.

Yaya ya durƙusa ya leƙa baya. Filogin a zare yake daga bango, an naɗe wayar tsaf an ɗaure da tsumma. Ta ce tun ranar da ya tafi ta zare, kada abin ya tsufa. Ya dafe kai, ya yi mata bayani cewa batiri ba randa ba ne da za a cika a rufe. In ba a yi masa caji, wutar zurarewa take a hankali har ya mutu, kuma wannan ya mutu murus.

"Kin kashe min dukiya, tsohuwa."

"Gawa dai ka sayo, ka zo ka ɗora min."

"Fuskarki ya gaji da gani ya sheƙa."

"Ba kai ka ce in na lalata shi saki uku ba ne?"

Wallahi ya faɗa, ina wurin, har muka yi ta dariya. Amma bai tsaya ya nuna mata yadda abin yake aiki ba, mota na jiransa. Ita kuwa abin da ta riƙe shi ne kayan na da tsada, kuma na mijinta ne.

"Kai ba ka jure zafi," ta ce, muryarta ta sauka. "Tun kana jariri ƙuraje ke feso maka. Na ce bari ya zo ya samu fanka."

Na tambaye ta ƙafar fa. Ta ce in bar shiga maganar mata da miji. Sai da na nace ta faɗa: ta tashi alwalar asuba cikin duhu, ta yi tuntuɓe da batirin nan ta faɗi, ƙugun bai koma daidai ba har yau. Maɓallin kuwa ga shi kusa da hannunta, ta ƙi dannawa.

Tausayi ya kama ni, haushin kanmu ya fi. Duk zafin bana a haka ta sha shi, mu kuwa in mun kira waya sai tsokana, babu wanda ya taɓa tambayarta ko fankar na juyawa.

Yaya ya matsa kusa da ita. Ya ɗauki maficinta da ke kan gado, ya zauna a ƙasa gefen ƙafar, ya fara yi mata fifita.

"Kin ci ni, amarya. Gobe zan kawo wani. Amma in na dawo na tarar ba ki sha shi ba, ranar ce zan sake ki."

Ta yi dariya tana goge ido da bakin mayafi.

"Fifita dai da kyau. Wannan inbatan ma ban ga ƙarfinsa ba."

Can la'asar aka kawo wuta, fanka ta fara juyawa. Yaya bai ajiye maficin ba.